Ƙwayar Bayan Sallar Asuba

Mahaifiyata ta karye a hannu wajen ɗaga tukunyar tuwo. Ba faɗuwa ta yi ba, ɗagawa kawai. Na ɗauko ta daga ƙauyenmu Gubuchi zuwa asibiti a Zariya, likita ta duba hoton ta ce ƙashin Inna ya zama kamar karan da gara ta ci. Idan ba a tare shi ba, ƙugu ne zai biyo baya, kuma a shekarunta wanda ya karye a ƙugu ba kasafai yake sake tashi ba.

Aka ba ta ƙwaya ɗaya duk mako. Za ta sha da sassafe kafin ta ci komai, da kofin ruwa cike, kuma kada ta kwanta sai an jima.

Ba a daɗe ba ta ajiye maganin. Wai ƙirjinta ke ci da wuta. Na zo daga Ikara inda nake zaune na kwana, na roƙe ta ta sha a gabana. Ta haɗiye bayan alwala, ta shimfiɗa darduma ta tayar da sallah. Da goshinta ya taɓa ƙasa na gane.

"Inna, an ce kada ki kwanta."

"To kwanciya ka ga na yi? Sujada ce, ɗan boko. Ko ita ma likitar taku ta hana?"

Na kira likitar a waya. Ta yi dariya, ta ce sunkuyon ne ke dawo da maganin maƙogwaro. A fara sallah, sannan ƙwaya.

Haka aka gyara. Inna ta idar da sallah, ta sha, ta jingina da bango tana jan carbi har rana ta fito, sannan koko. Ta raɗa wa zaman suna lazimin ƙashi, kuma ba ta yarda kowa ya katse shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Rannan santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta zube a kan ƙugu. Matan gida suka sa salati, aka ruga kiran mai ɗori. Ya iso ya tarar da ita tsaye tana wanke taɓo daga zaninta. Ya matsa nan, ya matsa can, bai sami abin ɗorawa ba.

"Malam, ka sha ruwa ka koma," in ji Inna. "Yau babu aikinka a gidan nan."