Shaddar da Anka Ɗinka Mani a Gwiwa

Har yau in gyangyaɗi ya ɗauke ni a rumfar hatsi, kasuwar Shinkafi, sama nake ganin kaina. Na bar siminti, ƙwallo a hannun dama, kwando yana matsowa a hankali, babu abin da ya riƙe mani gwiwa. Sai wani ya buga kwanon awo in farka.

Shekarar da anka fara Shari'a ina buga ƙwallon kwando a Ƙauran Namoda. Aji uku na sakandare na tsaya, tsawo kaɗai Allah ya ba ni. Kocinmu, tsohon malamin motsa jiki, mutumin Zurmi, ya ce wata ƙungiya daga Kaduna za ta zo Gusau ta zaɓi mutum biyu, da albashi. Kowa ya san ɗaya ni ne.

Saura kwana huɗu limamin unguwarmu ya biyo ta fili, ya dubi cinyoyinmu ya ce, "Samari, daga cibiya zuwa gwiwa." Gaskiya ya faɗi, ban ja ba. Abin da munka yi da maganar shi ne wauta.

Koci ya kwashi gajerun wandunanmu ya kai wa telan da ke yi mai kaftani, mutumin da bai taɓa ganin wasan ba. Ya ƙara wa kowace ƙafa taƙi guda na shadda, ya tsuke bakin kamar wandon Sallah, har da aikin zare. Don a fita kunya, koci ya sa anka zuba sitaci, anka kai wa masu bugu.

A mota na ce, "Malam, wanga abu hwa ba ya lanƙwasa."

"Dogon banza, kai sai ƙorafi. Dube ka, kamar ango!"

Shi kansa babbar riga ya sa, yana ta laluben usur cikinta.

Munka tarar da 'yan Gusau da wanduna na gwanjo, burma-burma, masu laushi, sun wuce gwiwa. Komai a rufe, kuma suna shawagi.

Anka miƙo mani ƙwallo, na rage tsawo zan tashi, shadda ta cafke mani gwiwa kamar hannun mutum. Sau uku haka. Na huɗu na yi da zuciya. Na tashi, wallahi na tashi, na ga cikin kwando, sai ɗinki ya ɓarke har ƙugu. Na saki ƙwallo na dafe.

Mutumin Kaduna ko dariya bai yi ba. Ya ɗauki 'yan Gusau biyu, ɗayan ma tsawonsa a kafaɗata ya tsaya.

Wandon na nan ƙasan akwati. Shaddar mai kyau ce, koci bai yi rowa ba, har yau tana ƙyalli. A mafarki dai ba ta biyo ni. Can ina sama, ban kai kwando ba, ban kuma sauko ba.