Garin Masarar da Ba a Karɓa Ba

A layin shiga mota a Johannesburg, wata mata tana gabana, zane ɗaure a kan siket ɗin ofis, ta rungume ƙullin garin masara. Duk wanda ya gifta sai ta rusuna ta gaishe shi, ba mai amsawa. Harshenta na Malawi ne, wanda nake ɗan ji, takalminta irin na masu aikin asibiti.

Waya tana kunnenta, ranta a ɓace.

"Yaya Tiyamike, ni fa ina son birnin nan. Akwai aiki, kuma ba wanda ke tsare ni da tambayar ina mijina. Amma tsohon da muke ƙofa da ƙofa ya rasu, sai da na ga ana fitar da kujerunsa na sani! Na ɗauki garin masara kamar yadda muke yi a gida in an yi rasuwa, na bi har gidan 'yarsa. Ko ƙofa ba ta buɗe ba, wai me ya sa ban yi waya ba. Ta'aziyya fa, Yaya! Wa ke neman izinin zuwa kuka?"

Direba ya bubbuga mota. "Mama, ki shiga ko ki ba mutane hanya!"

Shi ma ta gaishe shi. Bai ko dube ta ba.

Ta zauna, ƙullin a cinya, ta rage murya. "In tawa ta zo a nan, ku taho da wuri. Waɗannan ba za su sani ba sai sun ga kujeruna a waje."