Kalmar Iyaka Tsakanin Gwandu da Kalgo

Kafin ranar Talatar nan, na yi imani cewa babi na uku na kundin digirin ɗalibata, Malama Sa'adatu, ba shi da aibi. Shekara ashirin ina koyar da aljabara, wani reshe na lissafi, kuma ni na ɗora ta a kan hanyar da ta bi. Malamar lissafi ce a makarantar sakandare, hutun karatun da aka ba ta na shekara uku ya kusa ƙarewa. A ranar, da ƙarfe goma sha ɗaya, za ta kare kundin a jami'a a Kalgo, a gaban wani farfesa da aka gayyato daga nesa.

Gwandu, ƙarfe shida saura kwata

Na fito daga gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Ɗan acaba ya kai ni tasha, na sami ƙaramar bas mai zuwa Birnin Kebbi, saura mutum huɗu ta cika. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Ba mu tashi ba sai bakwai da minti goma.

Ya kamata in faɗi abin da kundin ya ƙunsa. Rukunin abeliya tarin abubuwa ne da ake tarawa da juna kamar lambobi. Wasu, in aka yi ta tara su da kansu, sukan koma sifili, kamar hannun agogo. Wasu ba sa komawa har abada. Rukunin da ya haɗa iri biyun shi ne gauraye, kuma babbar tambaya ita ce ko zai rabu gida biyu tsaf, masu komawa a gefe, marasa komawa a gefe. Akwai tsohuwar ƙa'ida: in masu komawa suna da iyaka, rabuwa ta tabbata. Rukunin Malama Sa'adatu jerin agogo ne marar ƙarshe, na farko mai awa biyu, na biye mai uku, sai biyar, sai bakwai, haka dai. Abu guda a rukunin shi ne a zaɓi awa ɗaya a kowane agogo. Kowane agogo yana da iyakarsa, don haka na ce mata ƙa'idar ta hau.

A hanya, ƙarfe takwas saura

Kusa da ni wani dattijo ne, manomi daga Dangoma, ya je sasanta rikicin gona tsakanin 'yan'uwansa. Direba ya tsokane shi.

"Baba, ku manoma kullum faɗan iyaka. Halan ƙasar ta ƙare?"

"Kai dai riƙe sitiyarinka," in ji dattijon. "Kowace gona da iyakarta, amma wa ya taɓa gwada maka iyakar gonakin duka? Ka wuce wagga, ga wata ta fi ta."

Aka yi dariya. Ni kuwa babi na uku ne ya faɗo mini a rai. Iyakar da ƙa'idar take nufi lamba ɗaya ce tak da za ta mayar da duk masu komawa sifili a lokaci guda. Agogonmu kuwa, ka wuce wannan, ga wanda ya fi shi. Na juya kundin, na soma rubutu a bayansa, mota tana girgiza hannuna. In rukunin ya rabu, dole kowane abu a ɓangaren marasa komawa ya rabu da kowace lamba, wato a kasa shi ko gida nawa ba saura. Amma abin da ya rabu da biyu, sifili ne a agogon farko. Wanda ya rabu da uku, sifili ne a na biyu. Haka har ƙarshen jerin. Ba abin da zai rage, alhali marasa komawa suna nan a rukunin, ke nan ba ya rabuwa. Layi shida suka rushe shafi talatin.

Shingen bincike, ƙarfe tara da minti biyar

Mun tarar da layin motoci kusan ashirin. Na kira lambar Malama Sa'adatu sau uku, a kashe. Na san an ce masu kare kundi su kashe waya. Da aka zo kanmu, jami'in ya leƙo, ya ga gumi a goshina da takarda cike da alamomi.

"Alhaji, lafiya? Mene ne wannan?"

"Lissafi ne, ranka ya daɗe."

"Tun Gwandu shina faɗa da takarda," in ji direba, "kuma ga alama takardar ka cin nasara."

Jami'in ya yi murmushi, ya ɗaga mana hannu. Minti arba'in muka ɓata a wurin, kuma a cikinsu na yi tunanin da nake jin kunyarsa. Farfesan ba wannan ne fanninsa ba. Malaman sashenmu biyu sun karanta, ba su gani ba. In na yi shiru, da wuya wani ya tanka. In na yi magana, wa ya san ko za a kayar da ita gaba ɗaya? Na tambayi kaina ko tausayinta nake ji ko tsoron a ce ni Dakta guda ban san ƙa'idar da nake koyarwa ba. Ban sami amsar da ta wanke ni ba.

Birnin Kebbi zuwa Kalgo, ƙarfe goma da kwata

Ban jira mota ta cika ba, na hau babur. Tafiyar ta rabin awa ce kawai, amma na duba agogo ya fi sau goma. Na isa ƙofar sashe ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma sha biyu.

Kalgo

Na sami Malama Sa'adatu a baranda, tana maimaita jawabinta. Mijinta yana gefe da kwalin lemo na walima.

"Malam, barka da isowa. Har na fara tsorata."

Na miƙa mata bayan kundin ba tare da na amsa gaisuwar yadda ya kamata ba. Ta karanta sau biyu, fuskarta ta canza.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "bara a ofishinka na tambaye ka, iyaka guda ko iyakar kowa? Ka ce in bar wahal da kaina, duk ɗaya ne."

Na tuna. Ina sauri ne a ranar, zan shiga taro.

"Haka aka yi. Laifina ne, kuma ni zan faɗa a ciki. Amma kundinki ne. In kin ce in yi shiru, ban san abin da zan yi ba."

Ta dubi mijinta, ta dubi ƙofar ɗakin taron.

"In koma in koya wa yara lissafi da takardar da na san ƙarya ce a cikinta? Ba ni alli kawai. Ni zan rubuta layi shidan."

Da aka zauna, na nemi izini, na miƙe na ce akwai kuskure a babi na uku, kuma daga bakina ya fito. Ta tashi ta rubuta hujjar a allo. Farfesan ya yi mata tambayoyi na kusan awa guda, ni bai dube ni ba ko sau ɗaya. Aka fitar da mu, muka tsaya a baranda minti ashirin. Mijinta ya mayar da kwalin lemo cikin mota.

Komawa

Na bar Kalgo bayan la'asar, na iso Gwandu ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni a kan lokaci, na gode wa direban da dattijon da ban ko tambayi sunansa ba.

Ba a ba ta digiri a ranar ba. An ba ta wata uku ta sake babin, ta koma aji tana koyarwa da rana tana rubutu a ƙarshen mako, ta miƙa cikin wata biyu. Babi na uku yanzu yana tabbatar da cewa rukunin ba ya rabuwa.