Yanar Idon Baba

Lokacin da aka kawo ni gidan mijina a Gumel, wajen tsakiyar shekarun casa'in, cutar yana ta riga ta fara rufe idon mahaifinsa. Baba dillalin shanu ne, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari, kuma a unguwarmu shi aka sani da riga kowa ganin jinjirin wata. Amma a shekarar nan, sai ya laluba kafin ya sami kofin da na ajiye masa.

Likita ya ce a kai shi Kano a yi aiki, in an daɗe idon zai iya lalacewa gaba ɗaya. Baba ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido. Yana da hujjarsa: akwai wani abokinsa a Sule Tankarkar da mai maganin gargajiya ya taɓa wa ido, ya makance ɗungurungum.

Maigidana malamin makaranta ne, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai ya tari Baba da maganar ranar Alhamis, saukowarsa daga mota ke nan ko ruwa bai sha ba, a zaure, gaban baƙi biyu daga Nijar. Har da littafin kimiyya mai zanen ido. Baba ya bar shi ya gama, ya ce, "An taɓa yanka naka idon?"

"A'a, Baba."

"To tashi ka kawo wa baƙi ruwa."

Ni kuwa suruka ce, ko sunansa ba na kamawa, balle in ba shi shawara. Iyakata kuka a madafa da addu'a bayan salla. Can na tuna yayarsa da ke Gagarawa, wadda muke kira Gwaggo, an yi mata irin aikin bara waccan. Na roƙi maigidana ya ɗauko ta.

Gwaggo ta kwana uku ba ta ambaci ido ba. Sai dai ta zauna inda Baba ke jinta tana tsintar shinkafa, ko ta ɗaga murya ta ce, "Ku ba ni allurar nan, na zura abata." Na gaji na ce, "Gwaggo, yaushe za ki yi masa maganar?"

Ta ce, "'Yar nan, mijinki ya riga ya kunyata shi. Bari zuciyarsa ta huce."

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban aka fita duban wata. Gwaggo ce ta hango shi daga tsakar gida. Baba ya daɗe a tsaye yana fuskantar yamma. Maigidana ya buɗe baki, Gwaggo ta harare shi, ya rufe.

Sai washegari, bayan an sha ruwa, Baba ya sha kunun tsamiya ya ci ƙosai, shi da Gwaggo kaɗai a tabarma. Ina bayan zana ina tattara kwanuka.

Ta ce, "Auta, jiya ni na ga wata. Ni da ake ja da sanda."

"Na ji, Yaya." Sannan ya ce, "Da zafi?"

"Da zafi mana, zan yi maka ƙarya ni da ke da azumi a bakina ɗazu? Kwana biyu ina zagin ɗana da ya kai ni. Kuma ban ce dole a dace ba, wadda muka kwanta ɗaki ɗaya nata bai buɗe ba. Amma in ka zauna, makantar tabbas ce. Tare za mu je, in riƙe maka hannu, ragon banza, kamar ranar da na kai ka wurin wanzami cire haƙori."

Baba ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa an daɗe. Ya ce, "Bayan Sallah."

Hakan kuwa aka yi. Na hagu likita ya ce an makara, na dama ya buɗe. Ranar da suka dawo na durƙusa ina yi masa sannu da hanya, kaina a ƙasa. Da na miƙe, ya ɗauki kofinsa ba lalube, ya ce da Gwaggo, "Ashe doguwa ɗana ya auro."