Tahidu, da Haruffa Shida da Suka Ɓata Maka Suna

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1978, Allah ya karɓi ran abokina Tahidu a gidansa da ke Nyanshegu, bayan jinyar da ya sha ba tare da ya dami kowa ba.

Tahidu, ka sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin kana numfashi. Na cika alkawari. Yau ni Moro zan faɗi abin da aka yi maka, wanda zai ji haushi ya ji.

Tare muka yi murnar samun mulkin kai muna 'yan makaranta, tare kuma muka kama aiki a kamfanin da ke raba wa manoman shinkafa iri da taki. Ni ina huda katunan da kwamfuta ke karantawa a ofishinmu na Tamale, kai aka tura ka Ankara, babban birnin ƙasarmu, ka koyi rubuta wa babbar kwamfuta umarni. Ka dawo ba ka canza ba. Tsoho zai taso daga ƙauye bai san lambarsa ba, ka ba shi kujerarka, ka yi ta hira da shi da Dagbanci har ka gano shi. Ranar da matata ta haihu da wahala, kai ka kai ta asibiti a bayan babur ɗinka, ka ba da jininka.

Kai ka tsara fayil ɗin manoma. Kowane manomi da layinsa, lambarsa a farkon layi, da ita kwamfuta ke nemo shi. A cikin umarnin ka bayyana mata tsawon layin da inda lambar ta fara. Kullum kana ce mana, wanda ya taɓa fasalin fayil bai gyara bayaninsa ba ya aiki makaho kasuwar da aka tashi.

Sai Zakaria, shugabanmu kuma yayan matarka Sanatu, ya dawo daga Makka. Shi ma yana noma, ya ga sunansa a takardar manoma babu Alhaji, abin ya tsaya masa a wuya. Kana can wajen zaman makokin mahaifiyarka ya sa aka sake gina fayil ɗin, aka buɗe gurbin haruffa shida a gaban kowane layi don shi da manyan abokansa. Bai gaya wa kowa ba.

Kwamfuta ta je neman lamba inda ka ce mata, ta tarar da Alhaji, ko kuma fili babu komai. Manomi bayan manomi ta ce ba ta san shi ba. Ruwa ya sauka, iri na jibge a sito, mutane na zarya a ƙofar ofis. Ka bi umarninka ɗaya bayan ɗaya ba ka ga aibu ba. Daga ƙarshe ka sa aka buga layi guda yadda yake a cikin fayil, ka ɗora shi kan bayaninka, ka ga lambar ta matsa gaba. Gyaran bai kai wuni ba, amma lokacin shuka ya riga ya wuce.

Ina tsaye a wurin Zakaria ya riƙe hannunka ya ce, "Suruki, ka rufa mini asiri, don Sanatu." Ka rufa. Da manya suka zo bincike, bakin nan nasa ya ce kai ka lalata aikin da gangan. Aka kore ka. A kasuwa ana nuna ka ana cewa ga wanda ya ci damina. 'Ya'yanka sun tashi da wannan suna a makaranta. Ka koma gyaran rediyo a Kanvili, kana gaida Zakaria a masallaci kamar bai yi komai ba. Na ce maka haƙurin nan ya yi yawa, ka ce, "Moro, idan na tona shi, a gidana wutar za ta ci."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar jana'izarka. Liman ya roƙi jama'a su yafe maka, sai na ji muryar Zakaria ta fi ta kowa: "Na yafe masa." Shi ne zai yafe maka? Ramin ƙarya ƙurarre ne, Alhaji, yau ka kai ƙarshensa. Tahidu ya yafe maka, na sani, halinsa ne. Ni ban yafe ba, manoman da suka sayar da awakinsu a shekarar nan ma ba a tambaye su ba.

Allah ya jiƙanka, Tahidu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya saka maka a ranar da ba a rufa wa kowa asiri don surukuta. Sanatu, ki yi haƙuri da ni, na san ɗan'uwanki ne, amma mijinki bai ci amanar kowa ba. Yara, ku ɗaga kai in kun shiga kasuwa. Allah ya ba ku dangana, ya raya ku.

Shi kuwa Zakaria, addu'a ɗaya nake yi masa: Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar ido, ya daɗe yana haɗuwa da 'ya'yanka a hanya.