Kawu da Mutanen Ƙarfe

Kawuna bai iya Turanci ba. Ban gane haka ba sai da na girma na zama malamin Turanci da kaina, domin a ƙauyenmu da ke bayan Ruma, duk yarintarmu shi ne Baturenmu. Dalili kuwa ya taɓa zuwa cin rani Kaduna, ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, ya dawo da baƙin tabarau da hular sanyi. Shi ke nan magana ta ƙare, kowa ya yarda ya ji yaren Nasara.

Saboda haka lokacin da ƙaramar hukuma ta kawo mana akwatin talabijin da ɗan inji, aka kafa rumfa a ƙofar gidan mai gari, ba a tsaya shawara kan wanda zai riƙa yi wa jama'a fassara ba. Akwai wani shirin Turawa, baƙi da fari, da ake sakawa kashi-kashi duk mako bayan la'asar. Labarin wasu mutane ne da ke zaune a wata duniya can cikin taurari, sai ga waɗansu mutanen ƙarfe sun sauko musu a cikin kumbo, kawunansu kamar an kifa tulu. Kawu yakan tsaya gefen akwatin da karan dawa a hannu yana nuni. Idan mutumin ƙarfe ya yi magana da muryar nan tasa mai ƙara, sai Kawu ya ce, "Ya ce haraji suka zo amsa, kowane magidanci shi fito da hatsi." Idan wani tsoho mai doguwar riga ya amsa, sai ya ce, "Mai gari ya ce ko zangarniya ba su samu, su koma inda suka fito." Mu kuwa sai ihu da tsalle, har manya su tsawata mana.

Ba mu ga ƙarshen shirin ba. Shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo, sabulu da gishiri ma sai an bi layi, balle man inji don kallon mutanen ƙarfe. Kashi na ƙarshe da muka gani, sun kewaye garin ta ko'ina, tsohon yana tsaye a kan katanga. Daga nan aka kulle akwatin a ɗakin ajiya, ba a ƙara fito da shi ba. Shekaru da yawa bayan haka in an haɗu da Kawu a kasuwa sai a ce, "To mai fassara, ya aka ƙare?" Shi kuma ya ce, "Ku bari a kawo mai."

Wannan mutumin ne aka sauke mini a ƙofar gida a Batsari, a bayan akori-kura, ya tsufa, ƙafarsa ba takalmi. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen, sun ƙone rumbuna, sun kora shanun huɗarsa, an kuma binne mutanen da suka tashi tare. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daga ranar bai ƙara magana ba. In an gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, shi da a da gaisuwarsa kan sa mutum ya makara zuwa gona. In maiɗakina ta kawo tuwo, sai ya taɓa loma ɗaya ya ture kwanon. Na kai shi asibiti, aka duba aka ce ba a ga ciwo ba. Ina kallo yana ramewa, rigarsa tana yi masa yawa, na san in aka ci gaba a haka ba zai kai damina ba. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa. 'Yan bindiga sun ƙwace masa dukiya, yanzu kuma har bakinsa sun tafi da shi.

Lokacin ne aka katse layukan waya a yankinmu, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Makarantarmu a rufe, ajujuwan cike da 'yan gudun hijira daga wajen Wagini da Runka. Samarin da suka saba duƙufa kan waya suka rasa abin yi, sai aka koma tono tsofaffin na'urorin bidiyo daga ƙarƙashin gado. Wata rana aka kira mu Katsina tantance malamai. Da muka gama na ratsa kasuwa, na tsaya wurin wani mai sayar da faya-fayen bidiyo ina juya kayansa don kashe lokaci. Kawai sai na ga kan tulu yana kallona daga jikin wani kwali.

Mai kayan ya ce Turawan ne suka tono shirin, suka wanke hoton, suka fitar da shi gaba ɗaya don kallo a gida, nasa kuwa kwafi ne. Na ce, "Har ƙarshe?" Ya ce, "Har ƙarshe, Malam, amma ba fassara, shi ya sa ba mai saye." Na ce ya naɗe mini, fassara muna da ita a gida. Ina faɗa na ji kunyar kaina, domin mai fassarar tamu ko sallama ba ya amsawa.

Ba wuta, ba man inji, amma ina da ƙaramin farantin sola da batir da muke kunna fitila. Na lissafa in rana ta dake shi tun safe, zai iya ɗaukar kashi ɗaya bayan azahar. Na ɗora talabijin a kan benci a zaure, daidai inda Kawu ke kwance fuskarsa na bango. Yaran maƙwabta suka shigo, sai wasu daga cikin 'yan gudun hijirar da ke makaranta, mata suka taru a ƙofar cikin gida bayan asabari. Wata tsohuwa mutuniyar Runka ta ce ita ta wuce zaman bayan asabari, ta zo gaba ta miƙe ƙafa. Kiɗan farko ya tashi, na ga kafaɗar Kawu ta motsa, amma bai juyo ba.

Dole ni na yi fassara. Na yi ta yadda aka koya mini, kalma da kalma, ba ƙari ba ragi. A nan ne na gano ashe ba haraji mutanen ƙarfen suka zo karɓa ba, wani ma'adini suke nema a ƙarƙashin garin, tsohon kuma ba mai gari ba ne, masanin kimiyya ne. Na yi ta bayani kamar ina aji. Yara suka fara hamma, tsohuwar Runka ta yi gyangyaɗi har kallabinta ya zame. Ni kaina na ji abin ya yi lami kamar miya ba gishiri.

Washegari maƙwabcina, wani Alhaji da ya yi ritaya daga sakatariya, ya tare ni a hanyar masallaci. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, ana cikin wannan hali, kai kuma ka tara bayin Allah suna kallon aljanun Turawa? Mutanen nan makoki suke yi." Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, an hana su gona, an hana su kasuwa, barci ma sai rabi. Ɗan abin da ya rage na sakewa kuma mu da kanmu za mu ɗauka mu kai wa ɓarayi har daji? Wallahi ba da ni ba. In makoki ne sun yi, kuma suna yi, ba sai an tsare su a kai ba." Ya ce Allah ya kyauta, na ce amin. Ranar har ƙofar zauren na buɗe gaba ɗaya don kowa ya gani.

Muna cikin wani kashi, mutumin ƙarfe ya tsaya gaban tsohon yana magana. Na ce, "Yana cewa ne suna buƙatar izinin auna zurfin ƙasa." Sai na ji murya daga bayana, a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Ƙarya kake."

Na juya, Kawu ya tashi zaune. Ya ce, "Wane irin auna ƙasa? Kai wanga yaro, boko ya ɓata ka. Dubi yadda ya ɗaga hannu. Hatsi ya ce a fito da shi." Na ce, "Kawu, ai Turancin..." Ya ce, "Kauce mini." Ya yunƙura ya dafa bango, wani ya miƙa masa sandar tsintsiya, ya tsaya gefen akwatin. Ni kuwa na koma baya na zauna a kan turmi, na sunkuyar da kai don kada a ga idona ya kawo ruwa.

Daga ranar zaure ya daina ɗaukar mutane, har ta taga ake leƙe. Kawu ya mai da mutanen ƙarfe abin dariya. Ya ce wancan mai lanƙwasasshen kai uwarsa ce ta yar da shi yana jariri. Ya ce ba su da kunya ne saboda ba su da fuska. In tsohon ya buɗe baki, Kawu sai ya sa masa maganganun da kowa a zauren yake so ya faɗa wa waɗanda suka kore shi, bai samu dama ba. Na ga magidanta suna dariya suna share hawaye lokaci ɗaya. Alhaji ma ya zo wata rana wai neman aron tsani, bai tafi ba sai da batir ya mutu. Abu ɗaya ya rage mini a rai: Kawu yana magana, amma har yanzu abinci sai ya taɓa ya ture.

Ni na riga na san inda labarin ya nufa, domin na karanta bayan kwalin. Na yi tunanin in ɓoye faifan ƙarshe in ce ya lalace. Amma mutanen nan an yi musu ƙarya iri-iri, an ce su kwantar da hankali komai ya wuce, ban ga dalilin da zan ƙara musu tawa ba. Na saka shi.

A kashin ƙarshe garin ya faɗi. Mutanen suka fito da ƙunshin kayansu, mata na jan yara, suka yi layi suna shiga wani babban kumbo. Kowa a zauren ya san wannan layin, ya tsaya a cikinsa. Tsohon ya juyo yana yi wa jama'arsa jawabi, Kawu kuwa sandarsa ta sauka ƙasa. Can ya matso kusa da ni, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ina yaro. Ya rage murya ya ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce ƙasar ta fita hannunsu. Za su tafi, ba za su dawo ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ce a raina shi ke nan, na mai da shi inda na ɗauko shi. Sai ya ce, "Kashe muryar." Na kashe. Ya ce in mai da hoton baya kaɗan, na mayar. Ya ɗaga sanda ya nuna wata mata a can gefe, wadda ni ban ma lura da ita ba. Ta fito daga gidanta, ta ja ƙofa, ta yi taku biyu, ta dawo ta tura ta ji ko ta rufu.

Kawu ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, kun gani? Mai gari ya ce a tafi a fake, a bar su su gaji. Ku dubi wagga baiwar Allah. Wanda ya bar gida har abada, ina ruwanshi da ƙofa?"

Tsohuwar Runka ta ce, "Ni ma na rufe tawa." Wani daga baya ya ce shi har icce ya tokara. Nan take zauren ya kaure, kowa na faɗin yadda ya bar tasa, kumbon ya tashi ya ɓace cikin taurari ba wanda ya kula da shi.

Da mutane suka watse na ce, "Kawu, amma ka ji abin da tsohon ya ce." Ya ce, "Na ji. Shi ya ce. Ni ba a tambaye ni ba."

Ya leƙa cikin gida ya kira maiɗakina, ya ce yunwa yake ji, a tuƙa masa tuwo mai yawa. Ta tashi da sauri ta nufi wani rabin buhun dawa da ɗan Kawu ya samu ya tsere da shi daga ƙauye, wanda ke jingine a bayan ƙofar madafa. Kawu ya ce, "A'a, ɗiyata, ba wannan ba. Nemo wata ki tuƙa. Wannan a ɗaure bakinta a ɗaga ta sama, kada ɓera shi taɓa. Iri ce."