Tocilar Ya Modu

Ranar kasuwar Geskeru ce. Da hantsi ni da yayana, Ya Modu, muka kai tattasai muka sayar, muna shirin komawa ƙauye ya ja ya tsaya gaban mai tocila. Ya ɗauki wata jar ƙarama, irin mai cajin nan da ba ta fi tsawon yatsa ba, an zana zaki a jikin kwalinta.

Ni ba a ruɗa ni da kwali. Da rana tsaka kowace tocila maƙaryaciya ce, shi ya sa mutanenmu ke cusa kai cikin riga su kunna kafin su saya. Na karɓa na shige cikin rigata. Hasken ya kashe mini ido, fari fat. Na fito na ce masa wannan ta rana ɗaya ce, masu irin wannan ƙyalli ba sa kaiwa isha, kuma ba sa dushewa a hankali kamar tawa mai batir, ɗif suke yi. Ya yi dariya ya ce tawa ko kaza ba ta tayarwa daga barci. Ya saya, ya bayar aka cika masa ita da caji.

Bayan la'asar muka shiga ban ruwa. Shi yana bakin kogin Komadugu wurin inji, ni ina can ƙarshen garka ina buɗe wa ruwa hanya. Injin ba ya barin kowa ya ji kira, don haka in duhu ya shiga da tocila muke magana. Ƙiftawa biyu, a kashe inji.

An idar da magariba ke nan na ji harbin farko, daga wajen mashigi. Sai na biyu. Sai ƙarar babura. Karnukan ƙauye suka ɗauka gaba ɗaya. Injin yana ta bugawa, Ya Modu bai ji komai ba. Na ƙifta tawa, na ƙifta. Can injin ya yi shiru.

Sai tasa ta kama. Daga inda nake ina ganinta sarai, tana tsalle a bakin ruwa, tana gudu gabas. In ni na gan ta, ƴan bindigar dajin nan ma sun gan ta.

"Kashe ta! Yaya, kashe ta!"

Harbi ya haɗiye muryata. Hasken ya wuce bayan wata tsamiya, ya sake fitowa, ya yi gaba kaɗan. Sai ɗif.

Ban tsaya ba. Na yanki garka, tattasai yana karyewa a ƙafata. A ƙauye an riga an cinna wa rumbuna wuta. Wani yana ihu, "Arewa! Ku yi arewa!" Na tarar da Falmata, matar Ya Modu, a ƙofar gida da goyo. Na saɓa babbar ƴarsu a wuya, matata ta riƙo hannun Falmata, muka bi mutane cikin ƙaya. Ba wanda ya kunna haske. Wanda ya faɗi shi ke tada kansa. Da asuba muka taka kwalta, wata motar kaya ta kwashe mu zuwa Diffa.

A cikin motar Falmata ta tambaye ni abin da na gani. Na ce mata caji ne ya ƙare, na san irin tocilolin nan, haka suke mutuwa. Na ce yana can ya ɓuya cikin ciyawar bakin ruwa. Ta yarda, don a gidanmu an san ni da sanin kaya.

Muka samu rumfa a gefen gari. Na bi tasha, na bi asibiti, na bi duk inda aka sauke ƴan gudun hijira. Duk motar da ta zo daga gabas sai na leƙa. Ba na iya zama wuri ɗaya. Ruwan Komadugu ya janye, ya sake dawowa. Falmata kullum tana rufe masa tuwo.

Rannan a kasuwar Diffa na ga tocila mai zakin nan, ja, irin tasa sak. Na saya, na sa aka cika ta. Da aka idar da magariba na kunna ta, na kifa mata tukunya a bayan rumfa don kada Falmata ta gani. So nake ta mutu kafin isha. Wallahi ban taɓa roƙon Allah ya sa kaya ya zama na banza ba sai ranar.

Aka yi isha tana ci. Nakan tashi in ɗaga tukunyar, in koma in kwanta, in sake tashi. Ladan ya kira asuba, hasken ya ɗan yi ja, amma yana nan.

Na kashe ta da hannuna. Bayan salla na jira mutane suka watse, na matsa kusa da liman, na tambaye shi yadda mace ke shiga takaba alhali ba a ga gawa ba.